Ɗiya Guda a Gidan Inna

Wanda bai yarda ba ya zo ya shinshina kujerar motata, har yau warin fitsarin jinjiri take yi, kuma 'yar Sin ce ta hana a wanke.

Mun tashi da asuba daga Anka, ni direba, sai injiniyan Sinawa masu haƙa rijiyar burtsatse, sai tafintarsu, wata budurwa da ba ta kai ashirin ba. Can ƙasarsu ta koyi Hausa, irin ta rediyo, mai guga. Hanyar Bukkuyum kuwa ramukanta sun isa a yi kiwon kifi. Mun tsaya shan fura, 'yar Fulani ta ga fararen fata ta tsauwala kuɗi kamar da saniyar za mu tafi.

A hanya tafinta ta tambaye ni ƙannena nawa. Na ce sun isa ƙungiyar ƙwallo har da mai busa usur. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita kaɗai ce a gidansu, hukumarsu ta kafa dokar haihuwa guda. Tana 'yar makaranta uwarta ta samu ciki, aka zo aka tafi da ita asibiti, ta dawo babu. Ita ma in ta yi aure, guda za a bar ta ta haifa. 

A Zugu muka ratse gidanmu. Inna ta rungume tafinta, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Cewa ta yi, "Ku ba wancan ruwa." Tafinta ta ja ni gefe, wai me na yi wa uwata? Na ce laifina guda, ni ne ɗan fari. A nan uwa kunyar ɗan fari take ji, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi. Da Inna ta ji labarinta sai ta dafe ƙirji. "To innarki wa take kira da suna, ɗiyata?" Ta sungumo jinjirin ƙanwata ta ɗora mata a baya, ta ɗaure da zane, ta ce ga ƙane nan, an ba ta.

Da goyon ta ci tuwon dawa da miyar kuka. Ya tsula mata fitsari har ƙugu, mata suka yi guɗa, ita tana dariya tana hawaye, ta ƙi canza riga. Haka ta zauna mini a kujera har Gummi, inda injiniya ya auna filinsa muka juyo.

Mun iso Anka da la'asar. Ni dai na gane cunkoson gidanmu da nake ƙorafi a kai, wani a duniya nema yake. Tafinta ta kwance ƙunshin da Inna ta ba ta da za mu taho, sai ga dakuwa mai yaji, wadda ba mai cinta a gidan sai ni. Na ce, "Kin gani? Ke aka yi wa tsaraba, ni tsohuwar nan ba ta ƙaunata."

Ta tura mini ƙunshin ta harare ni.

"Rufe baki, Yaya. Ni kaɗai uwata ta haifa, na san kallon da uwa ke yi wa ɗanta in ya juya baya."