Yau Marigayi Yaya Sani Ya Tura Aiki

Jama'a, yau mamaci ya tura aiki a ofishinmu, kuma da hannuna!

Kun san shafin intanet da muke gina wa manoman albasa na Kiru. Kullum da manhajar Git mai maɓallai, wadda ke ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, nake tura gyarana, in danna, shi ke nan. Yau da safe ogana, Malam Habibu, ya ce, "Hauwa, ki saita baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ki riƙa aiki da duka biyun."

Tun ƙarfe tara nake fama. Sabis ya ɗauke sau uku! Sai bayan azahar gyaran ya tafi ta baƙar tagar.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kiran Malam. "Hauwa, wa ke kan kwamfutar nan?"

Na ce, "Ni ce, Malam."

Ya ce, "Innalillahi! To ni sunan Sani nake gani a kan gyaran!"

Yaya Sani, yayana da ya rasu bara. Tare suke aiki da Malam, kwamfutarsa na gada. Ashe a mai maɓallan kawai na sa sunana. Baƙar tagar saitinta daban ne, har yanzu shi ta sani.

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Layi ɗaya ne, ki canja sunan."

Tun la'asar na rubuta layin. Ga shi nan yana kallona. Wallahi na gaji, gida nake so, amma na kasa dannawa.