Alkawarin Bakin Mota

A shekarar da aka kwaso gwamnati daga Legas aka kawo ta Abuja, tireloli sun yi ta shigowa Garki ɗauke da tebura da kujeru da kwalayen takardu. Jama'a na tsayawa bakin titi suna kallo. Shi kuwa Thaddeus ba kallo ya kawo shi ba. Cikin kwalayen nan akwai guda ɗaya da yake nema, bai ma san kamanninsa ba.

Thaddeus manomin doya ne, mutumin Shabwi, wani ƙauye da ke gindin dutse a gefen sabon birnin. Ya gama firamare a makarantar mishan, saboda haka tun yana saurayi shi ne tafintan ƙauyen in baƙi sun zo. A bayan dutsen makabartarsu take, Kirista da Musulmi da masu addinin kakanni duk wuri ɗaya, kowa da gefensa. Can mahaifinsa yake kwance. Can kuma 'yarsa Lucy take, wadda ƙyanda ta ɗauke tana 'yar shekara huɗu. Matarsa Angelina ta kewaye kabarin da fararen duwatsu da ta tsinto ɗaya bayan ɗaya a rafi.

Wata safiya aka wayi gari an kafa turaku masu jan fenti, sun ratsa makabartar ta tsakiya. Sabon titi ne zai bi ta nan. Thaddeus ya sa rigarsa ta zuwa coci ya nufi ofishin masu zanen hanya.

Jami'in da ya tarar ba mugu ba ne. Ya ce, "Malam, mu zane muke bi. In dai an taɓa yi muku alkawari a gaban kwamitin majalisa, kawo mini shi a rubuce, ni da kaina zan kai sama a karkatar da hanyar. Amma ka zo kafin ruwan fari ya sauka, lokacin za a shigo da katafila."

Thaddeus ya fito yana murmushi, domin alkawari kam an yi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, zamanin farar hula, wani kwamitin majalisa ya taso daga Legas ya zauna a Shabwi ƙarƙashin rumfa. Yamusa, babban dattijon ƙauyen, ya roƙi a bar musu matattunsu, shugaban kwamitin ya amsa. Da bakin Thaddeus aka fassara maganar. Ya kuma ga akawu yana ta rubutu tun daga safe.

Takardun tsohuwar majalisar suna jibge a wani dogon sito a Garki, ba a ko kwance igiyarsu ba. Mai kula da su wata mata ce, Rekiya, wadda ta biyo kwalayen daga Legas a gaban tirela. A da ita ma tana cikin masu ɗaukar maganar 'yan majalisa a rubuce.

"Wane kwali kake so?" in ji ta.

"Na Shabwi, Madam."

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Bawan Allah, dubi nan. Ni kaina ban san inda aka sa kujerata ba. In kana da haƙuri, ga wuƙa, yanka igiya."

Haƙuri kuwa yana da shi. Kullum sai ya yi sammako ya duba gona, sannan ya hau motar kasuwa zuwa Garki. Ya zauna a kan kwali ya buɗe wani. Waɗansu kundayen ruwan Legas ya manne su sun zama kamar bulo, waɗansu gara ta ci gefensu. Ya karanta muhawara kan faɗin tituna, da gidajen da za a gina wa ma'aikata, da inda za a jawo ruwan sha. A wani shafi ya tarar da wani ɗan majalisa yana cewa dajin da za a gina birnin ba kowa a cikinsa sai birai, ƙasan maganar kuma an rubuta cewa an yi dariya. Ya daɗe yana kallon wannan layin.

"Mai doya, yau ma ka zo ka cinye mini ƙura?" Rekiya kan ce.

"Ai ke kika dafa ta, Madam, dole in ci."

Shi yakan kawo mata doya biyu, ita kuma ta koya masa yadda ake gane kundin zauren majalisa da na kwamiti ta launin bangonsu. A gida Angelina ba ta tambayarsa komai. Fuskarsa kawai take duba in ya shigo, sai ta koma bakin murhu.

A mako na goma sha ɗaya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Thaddeus ya sami abin da yake nema. Siririn kundi ne mai shuɗin bango, ga sunan Shabwi ga kwanan wata. Ya buɗe. Ga gaisuwar Yamusa. Ga roƙon rijiya, da ɗakin shan magani, da gada a kan rafi. Ga sunansa shi kansa, an rubuta tafinta. Ga godiyar shugaba. Layin ƙarshe ya ce an tashi ƙarfe biyu da kwata.

Ya koma farko ya sake bi da yatsa. Babu makabarta, babu kabari, babu dutse.

"Madam, an yage shafi."

Rekiya ta karɓa ta bi lambobin shafukan ɗaya bayan ɗaya. "Ba abin da aka yage. Ka tabbata an faɗa?"

"Da bakina na fassara!"

"A ina?"

"A Shabwi mana."

"Na ji. Amma a ina kuke tsaye?"

Nan Thaddeus ya tuna inda suke tsaye, ya faɗa mata. A Shabwi ba a kiran matattu a cikin taron da aka ajiye abinci, kuma ba a ɗora wa baƙo magana mai nauyi a gaban jama'a, don kada ya ji kunyar ƙi. Sai an taso rakiya, an yi nisa da mutane, sannan babba ya riƙe hannun baƙo ya faɗa masa ainihin abin da ke ransa. Rijiya da gada duk share fage ne. A bakin mota Yamusa ya riƙe hannun shugaban, ya nuna masa bayan dutse, ya ce iyayensu na can. Shugaban ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, na ji, ba wanda zai taɓa su."

Rekiya ta zauna a hankali. Wannan karon ba ta tsokane shi ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, mu daga an buɗe zama zuwa an tashi muke rubutu. In shugaba ya ce an tashi, ko sama ce ta faɗo ba ta shiga littafi."

Sai a lokacin ya tuna ya ga akawun ya rufe littafinsa ya sa a jaka, ya riga kowa shiga motar baya. Ya gani da idonsa. Duk ƙauyen shi kaɗai ya yi makaranta, shi kaɗai ya kamata ya gane abin da hakan ke nufi, amma ransa na can yana jin daɗin yadda Yamusa ya iya rakiya.

Ya tarar da Yamusa a inuwar mangwaro, idanunsa sun riga sun mutu. Ya durƙusa ya faɗa masa.

"To ai mutumin ya ce ya ji," in ji tsohon.

"Ya ji, Baba. Takarda ce ba ta ji ba."

"Wato da so ake in kira sunan ubana ana cin tuwo?" Ya girgiza kai. "Ko yau suka dawo, a bakin mota zan faɗa."

Duk da haka Thaddeus ya kai wa jami'in kundin, ya kuma ba shi labarin rakiyar tun daga farko. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Abin da ya iya yi musu shi ne ƙarin mako biyu.

Cikin mako biyun nan mutanen Shabwi suka tone nasu matattun, suka mayar da su sabon wuri. Fada na coci ya yi addu'a a gefe guda, liman a ɗaya gefen. Thaddeus ya tone mahaifinsa da taimakon 'yan'uwa, amma na Lucy bai yarda kowa ya sa hannu ba. Abin da ya samu bai cika zanen da Angelina ta shimfiɗa ba. Ita kuma ta tsince fararen duwatsun nan kaf, ta zuba a kwano, ta saɓa a kafaɗa yadda matan ƙauyen ke ɗaukar kaya, ta bi shi a baya. Kaburburan da zuriyarsu ta ƙare ko ta watse, ba a sami mai tone su ba. Suna nan ƙarƙashin kwalta. Yamusa bai ga ƙarshen wannan daminar ba, shi aka fara binnewa sabo a sabuwar makabarta.

Thaddeus ya tsufa yanzu, ya bar noma sai ɗan lambu. Tun da mulkin farar hula ya dawo, in ya ji kwamiti zai saurari jama'a kan maganar filaye, yakan sa rigar coci ya je. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Abin da ya fi nauyi shi yake fara faɗa, ko da an ajiye lemo da biskit a kan tebur, har waɗansu dattawan ƙauyen na cewa birni ya cire masa kunya. In ya gama ba ya kallon shugaba. Wajen akawu yake juyawa ya ce, "Ɗana, ka rubuta? Karanta mini in ji."

In kuma zai je Garki, yakan sauka kafin titin bayan dutse, ya zagaya da ƙafa.