A cikin fili babu Yaya

Jiya da aka sake lallasa mu, kocin ƙwallon kwandon jami'armu ya ce khalas, wato shi ke nan, zai sallami Sadiku, ɗan Katsinan da ya dawo mana daga wata makaranta. Wai matsoraci ne, yana gindin raga sai ya miƙo min ƙwallo.

A jirgin ƙasa na metro, hanyar unguwar Muraqqabat, na tsare Sadiku. "Kai, me ya hana ka jefawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, kana tsaye ni in jefa? Ka girme ni fa."

Ashe tarbiyya ake kira tsoro! Nan take na kira koci, na ce in Sadiku ya tafi, ni ma na tafi, ya nemi wani kyaftin.

Sadiku kuwa na ce masa ya riƙa gaishe ni a waje, amma a cikin fili babu Yaya.

Jama'a, yaushe ladabi ya zama laifin kora?