Kwaɗin Maigidana

Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, babbar 'yata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta tsallake inda ta yi laifi.

Maigidana ya yi aiki a jami'ar da ke Samaru, a ɗakin da ake ajiye ƙananan dabbobi don karatun ɗalibai. Da ya yi ritaya muka koma Sabon Gari, wajen Chikaji, sai ya sa mai yankan gilashi ya haɗa masa akwati mai tsawon gadon yaro. Rabi ruwa, rabi tudu na tsakuwa da ƙasa da ciyayi, ga murfin raga a sama. Ya zuba 'yan kifaye a ruwan, ya kawo ƙananan kwaɗi shida daga fadamar Bomo.

Na ce masa, "Mazan mutane suna kawo wa matansu keken ɗinki, kai kwaɗo ka samo mini?"

Ya ce, "Ki bari, wata rana da kanki za ki yi musu tuwo."

Yana da littafin da yake rubuta komai, ni kuwa ido nake sa masa ina tsinkar zogale. A haka na san ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba. Na san ba a sa kifin da zai shige bakin kwaɗo, ba a sa wanda kwaɗo zai shige bakinsa. Kwaɗi ake fara ba wa gara da tana, su ƙoshi, kafin a waiwayi kifi.

Da damina ya rasu. Ga shi 'yata ta ajiye biro tana jira na.

Kwanakin makoki ban san me ke shiga gidan ba. Da mutane suka watse, na ga kwaɗin sun zama biyar, kifayen ma sun ragu. Sauran kwaɗin sun taru a tudu, sun ƙi ruwa, suna ramewa. 'Yata ta ce, "Mama, abin nan ya fi ƙarfinki. Ko littafin Baba ba ki iya dubawa. Na kira wani da suka yi aiki tare, ran Asabar zai zo ya ɗauka."

Rigunansa an raba, kekensa ƙaninsa ya tafi da shi. Abin da ya rage mini mai numfashi daga hannunsa shi ne akwatin nan.

Na ja kujera na zauna gabansa tun safe har rana ta take. Kwaɗon da ya ƙi ruwa, na ce a raina, wani abu yake tsoro a ciki. Na jefa tana kusa da wani babban dutse da ke cikin ruwan. Sai ga gashin baki ya leƙo. Tarwaɗa! Na ɗauko kwandon tace shinkafa, na ɗaga dutsen, na kamo ta tana fisge-fisge.

Ashe ƙawata ce, mai sayar da kifi a kasuwar Sabon Gari, ta jefa ta ranar da ta zo gaisuwa. Da na tambaye ta, ko kunya babu. Ta ce, "Haba Mama, na ga duk abin da ke ciki ba na miya ba ne, na ce bari in sa miki mai amfani."

Ran Asabar mutumin ya zo da mota. Kwaɗin sun koma iyo tun ran Juma'a. Ya gaishe ni, ya buɗe murfin zai sa hannu, na ji ƙamshin man shafawa. Na riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, je ka wanke da ruwa zalla, ban da sabulu. Da fata suke sha."

Ya dube ni, ya je ya wanke. Ya tambayi ruwa, na nuna masa bokitan da ke kwana a baranda. Ya tambayi abinci, na nuna masa kaskon da nake tara gara. Na kai shi ya ga tarwaɗar a baho.

Ya juya ga 'yata ya ce, "Hajiya ko Madam, ban san wanne zan ce ba, amma me kike so in ɗauka? A wurinmu ba za su samu rabin wannan kulawa ba."

Littafin kawai ya roƙa aro, kuma ya dawo da shi.

Tarwaɗar na yi ta kiwonta a baho har Kirsimeti, muka cinye ta ni da ƙawar tawa. Kwaɗin biyar suna nan. In hadari ya haɗo sukan fara kuka tun kafin iska ta taso, ni ma in taya su, sannan in tashi in kwashe shanya.