Tsuntsuwar Bayan Gareji

Mai Agogo bai taɓa yarda da magana ba sai ya buɗe ta ya ga cikinta. Ko matarsa ce ta ce ruwa ya tafasa, sai ya leƙa tukunyar. A kan benci ɗaya ya ƙare ƙuruciyarsa, madubin gyara manne a ido, yana tonon agogunan mutane yana zarginsu da tsoma su a ruwa. Da tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, sai ya koma kallon tsuntsaye, 'yan mitsi-mitsin nan masu ruwan ƙasa da kowa ke cewa duk ɗaya ne. Shi ko a hoto yakan raba su: wannan tana da farin layi a saman ido, waccan jelarta ta fi tsawo.

Autansa ya samu aiki a wani gari can kan duwatsu, yana turo masa hotunan tsuntsaye ta waya don tsoho ya samu abin yi. Mai Agogo kan kai su shagon hoto a wanke masa, domin wayar ma bai yarda da ita ba.

Hoton ƙarshe ya hana shi sukuni. Tsuntsuwar ta yi kama da ta kan dutse sak, amma ƙafafunta dogaye ne, na riƙe karan ciyawa. Irinta ba ta barin bakin ruwa. Ya fara zargin mai shagon da musanya hotuna, har suka yi cacar baki. Daga nan ya zargi yaron da kwaso hoton wani. Da ya faɗa wa matarsa, ta ce ya bar yaro ya sarara, ta juya da sauri tana goge kwanon da ta riga ta goge. Nan ya gane tana ɓoye masa wani abu game da yaron, tsoro ya kama shi sosai.

Ya mayar da madubin ido, ya bar tsuntsuwar ya bi gefen hoton. Bayan ciyawar akwai guntun katanga mai shuɗin fenti. Ya san ta. Katangar garejin bayan tasha ce, inda kwata ke tara ruwa, inda shi kansa yakan je kallon tsuntsaye a da.

Can ya iske Auta, wando naɗe, yana wanke motar wani. Ashe an daɗe da sallamarsa daga aiki, a ɗakin aboki yake kwana, uwar ce ke aika masa abinci. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ya kasa dawowa ne, don ya san Baba sai ya tone komai.

Mai Agogo ya buɗe baki zai fara, sai ya ga hannuwan ɗansa duk sun tsattsage saboda sabulu. Tausayi ya kama shi, da kunyar kansa.

"Wannan ba ta hawa dutse," ya ce, ya miƙa masa hoton. "Ɗauko kayanka mu tafi gida."

A hanya tambayoyi suka cika masa baki fal, ya dinga haɗiye su ɗaya bayan ɗaya har ƙofar gida.