Rijiyar da ke kira da muryar uwa

Lokacin ɗari, idan aka ci tuwo aka yi sallar isha'i, kakarmu Iya Hadiza takan sa a hura mata wuta da karan hatsi a ƙofar ɗakinta, a ƙauyenmu kusa da Birnin Lalle. Mu jikoki sai mu kewaye ta, awaki na tuƙa a bayanmu. Ni take kira angonta, don haka wurina a jikin ƙafarta yake. Tana da tatsuniyoyin ban dariya da muke roƙo, amma akwai guda ɗaya da ba mu taɓa roƙo ba. Ita ke kawo ta da kanta. Ranar da za ta yi ta mukan gane, don takan daɗe tana kallon wuta.

"Ku matso," sai ta ce, "wagga ba ta son a ɗaga murya."

Wai akwai wata rijiya mai zurfi, irin wadda sai da shanu ake jan wasakinta, babban gugan nan na fata. A ƙasanta akwai wani abu da ba shi da murya tasa. Duk maganar da mata suka yi a bakin rijiyar, kalmar da ta faɗa ciki sai ya tsince ta ya adana. Da haka ya tara kalmomin wata mata har suka ishe shi. Matar na da ɗa guda, mai kiwon awaki. Wata rana da tsakar rana, babu kowa a wurin, yaron ya biyo da awakinsa, sai ya ji uwarsa na kiransa daga ciki, tana cewa ya zo ya kama hannunta. Ya ruga, ya taka itacen bakin rijiyar da igiya ta goge ya yi santsi, ya leƙa. Takalminsa ɗaya aka samu.

A nan Iya kan sauya murya ta koma siririya, ta yi mana kiran, har ƙanwata ta cusa kai cikin zanenta. Amma ba nan ta ƙare ba. Abin ya samu muryar yaron ma. Garin kuwa ba shi da wata rijiya. Kullum da safe matar sai ta zo ɗiban ruwa, kullum kuma sai ta ji ɗanta daga ƙasa yana cewa Inna, ga ni nan.

Na taɓa tambayarta me matar ta yi.

"Mi za ta yi, angona? Ta cika tulunta ta tahi gida. Akwai masu jiran ruwa."

Har na girma, idan aka aike ni rijiya daga nesa nake tsayawa, kuma bakina a rufe, kada wata kalma ta faɗa ciki.

Yanzu ina tuƙin mota a Dakoro, ina da iyali. Masu ɗaukar aiki sun fi son direba mai jin Ingilishi, shi ya sa na shiga ajin manya da ake yi da marece a wata lakwal, wato makarantar boko. Wata rana malaminmu, da muke kira mushe, ya ce kowa ya ɗauko hoton wani abu na rayuwarsa da salula, ya naɗi muryarsa yana ba da labarinsa da Ingilishi, a saurara a aji. Wani ya zaɓi shagonsa, wata ta zaɓi ɗiyarta. Ni tatsuniyar Iya ce ta faɗo mini, ita kuwa ta daɗe da rasuwa.

Na tafi ƙauye don in ɗauki hoton tsohuwar rijiyarmu. An rufe ta da itace da ƙaya tun da aka kawo famfo. Gwaggo Hassi, yayar babana, ta raka ni, amma ta tsaya can baya. Da na gaya mata abin da zan yi da hoton, ta dube ni ta ce ashe ba a taɓa faɗa mini ba. Ɗan farin Iya, Isa, a nan ya faɗa, tun kafin a haifi babana. Da rana ne, yana tare da awaki. Kuma daga wannan rijiyar Iya ta ci gaba da ɗiban ruwa har ƙarfinta ya ƙare.

Daga inda nake tsaye na ɗauki hoton, ya fito a karkace. Ban iya sake matsawa kusa ba.

Da na zo naɗar murya, Ingilishina bai kai ya ɗauki tatsuniyar ba. Ban san sunan wasaki ba, ban san yadda ake cewa santsi ba. Abin da na iya kaɗan ne: wannan rijiya ce, kakata tana da ɗa, ya faɗa ciki, kowace safiya tana zuwa nan. Da aka kunna a aji, babu wanda ya yi dariyar kurakuraina. Mushe ma bai gyara ba.

Ina yaro na ɗauka Iya na tsorata mu ne don mu nisanci rijiya, kuma ta yi nasara. Sai yanzu na gane cewa labarin da ba ta iya faɗa wa kowa ba ne take ba mu, mu da ba mu san komai ba. Mu muna tsoron abin da ke ƙasan rijiya na ɗan lokaci, sai barci ya ɗauke mu. Ita kuwa, gari na wayewa, tulu take ɗauka.