Mai Bututu da Man Goge Baki

Maƙwabcina Mai Bututu, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya taɓa tsayar da masana'antar taki kwana biyu cur da man goge baki. Wallahi ban ƙara komai ba.

Aikinsa hawa dogon bututun hayaƙin masana'antar. Can ƙoli akwai wata 'yar kafa, sai ya zura ƙarfe ya zuƙo hayaƙi cikin wasu kwalabe masu ruwa, ya kai ɗakin gwaji a auna wani abu wai shi fulorayid. In abin ya yi yawa a iska, ganye ya ƙone, dabba ta gurgunce. Shekara goma sha tara yana wannan hawa, har gashin kansa ya gaji ya sauka ya bar shi.

Ƙa'idarsu, ba a wanke kwalaben sai da tataccen ruwan ɗakin gwaji. To ran nan ya ga tabo a gindinsu, ya kwaso su gida, ya dirje su tas da man goge baki, yadda matarsa ke yi wa zobenta. Ashe abin da yake farauta a hayaƙi, shi ne fal a cikin man.

Awo ya fito ninki goma. Aka kashe injina. Mai kula da matatar hayaƙi, uban 'ya'ya shida, aka ce ran Litinin ya tattara komatsansa.

Mai Bututu ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ta kan katanga na jiyo matarsa tana cewa, "Baban yara, tashi mana. Abincin ma kunyarsa kake ji?"

Ran Litinin Mai Bututu ya sa hular kwanonsa, ya je gaban manaja ya faɗi komai da bakinsa, ma'aikata na tsaitsaye. Aka bar wancan bawan Allah a kan aikinsa. Shi kuma aka sauko da shi wata uku, ya koma wankin kwalabe. Har yau in ya hango abokan aiki a layinmu sai ya sunkuyar da kai, ya bi ta lungu.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Jiya na tare shi a ƙofar gida na ce, "Ranka ya daɗe, likitan haƙorin kwalaba! Yaushe za a duba mana butocinmu?" Na ɓaɓɓake da dariya.

Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya ce, "Yi abinka, maƙwabci. Abin nan na cikin hayaƙi, haƙori yake fara ci. Guda biyar ɗin nan da suka rage maka, ba don ina hawa can sama ba, da tuni da dasashi kake min tsiya."